Inshorar Dabba: Wa Ya Fi Buƙatarta, Mai Mage Ko Mai Garke?

A 2024 hukumar da ke sa ido kan gasar kasuwanci a Birtaniya ta buɗe bincike kan tsadar jinyar karnuka da maguna, bayan ta gano cewa manyan kamfanoni shida sun mallaki kusan kashi 60 cikin ɗari na asibitocin dabbobin ƙasar, alhali a 2013 abin bai wuce kashi 10 ba. Wannan tsada ce ke tura mutane sayen inshora. Duk wanda ya ɗauki labarin a matsayin wautar masu kuɗin banza bai fahimce shi ba. Ƙa'idar a taƙaice take: kana biyan kaɗan duk wata, kamfani ya ɗauke maka babbar asara idan ta zo. Kuɗin yana ƙaruwa idan dabba ta tsufa, kuma galibi ba a biyan cutar da ta riga yarjejeniya. Saboda haka inshora tana da riba ne kawai a kan asarar da ba ta cika faruwa ba, amma idan ta faru aljihu ba zai iya ɗauka ba. Allurar rigakafi da maganin tsutsa, tanadi ya ishe su.

Da wannan ma'auni, makiyayi ya fi mai mage buƙatar inshora nesa ba kusa ba, kuma tarihin abin ma daga wajensa ya faro. A Suwidin, a 1890, dawaki da dabbobin gona aka fara yi wa; kare bai shiga ba sai 1924, Amurka kuwa sai 1982. A shekarun 1890 ɗin nan ne ciwon bushiya ya share shanun Afirka, ya kuma sake ɓarna a Najeriya a 1983, ga farin 1973 da na 1984 da suka mayar da masu garke masu tsaron shanun wasu. Fulani ba su zauna jiran kamfani ba. Suna da habbanaye, inda ake ba wanda ya yi asara aron karsana har ta haifa masa maruƙa, sannan ya mayar da uwar. Tsari ne mai mutunci, amma yana da iyaka: idan fari ya ci yanki gaba ɗaya, mai bayar da aron shi ma ba shi da abin bayarwa. Wannan giɓin ne aka yi ƙoƙarin cikewa a Marsabit ta arewacin Kenya a 2010, inda tauraron ɗan'adam ke auna ciyawa, idan ta yi ƙasa da wani mizani a biya makiyaya ba tare da ƙirga mushe ba.

Za a ce inshora caca ce, akwai riba da rashin tabbas a cikinta. Damuwa ce ta gaskiya, amma an samar da takaful, inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu guda don tallafar wanda ya yi asara. An gwada shi a kan dabbobi a Wajir ta Kenya, kuma a Najeriya hukumar kula da inshora, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013. Za a kuma ce tauraro na iya nuna ciyawa shar alhali shanun wani sun mutu. Haka ne, shi ya sa tsarin ba zai maye gurbin rigakafin ciwon huhu da likitan dabbobi a karkara ba, kuma ba ya maganin satar shanu, wadda tsaro ne kaɗai maganinta.

Abin takaici, Najeriya na da shirin inshorar noma tun 1987, ƙarƙashin hukumar inshorar noma ta NAIC, har da tallafin gwamnati, amma ya fi bin masu rancen banki, ba makiyayin da ke ruga ba. Ma'aikatar bunƙasa kiwo da aka kafa a 2024 ba ta da uzurin ci gaba da haka. Ta zauna da malamai da arɗo-arɗo da kamfanonin takaful, a rubuta sharuɗɗa da Hausa da Fulfulde, a biya diyya kafin dabba ta faɗi. Ku kuma masu garke, kada ku sa hannu sai an karanta muku abin da ba a biya.