YADDA NA GANO CIWON KWAMFUTAR YAYANA

Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in bayyana muku wata matsala da ke samun kwamfutar cinya, watau ranar da aka wayi gari wasannin da ke cikinta sun daina gudu, da kuma hanyar da na bi har na warware ta.

Mu mutanen wani ƙauye ne kusa da kufan Alƙalawa, tsohon birnin Gobir wanda aka ci da yaƙi a 1808, amma yanzu a Sabon Birni muke zaune. Yayana yana da 'yar rumfa inda yara ke biyan kuɗi su buga wasan ƙwallo a kwamfutarsa, kuma da cinikin rumfar nan yake saya mini littattafai da sabulu. A hutun da ya wuce ya tafi Isa ya bar mini tsaron rumfar. Ni kuwa da karambani sai na yarda wani abokina ya goge Windows ya zuba sabuwa, wai don ta ƙara sauri. Da muka buɗe wasan sai 'yan ƙwallon suka dinga tafiya kamar hawainiya, wani wasan ma ya ƙi buɗewa sam.

Da Yaya ya dawo ya kai ta wurin wani mai gyara, aka ce masa katin hoto ya ƙone, sai dai ya sayi wata. Ya dube ni ya ce, "Kai, mi ka yi wa na'urar ga?" Na ce, "Yaya, ka yi mini haƙurin kwana uku." Ya ce ya ba ni, amma in ta ƙi, tunkiyar da nake kiwo ce za ta tafi kasuwa.

Kafin in faɗi maganin, ya kamata mu san yadda hoto ke fitowa. Allon kwamfutarmu yana da ɗigo 1,366 a kwance da 768 a tsaye, jimla 1,049,088. Wasa mai santsi yana son a sake zana allon nan sau 60 cikin daƙiƙa guda, watau ɗigo kusan miliyan 63 ke nan. Babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta gwana ce wajen lissafi mai wuya, amma hannuwanta kaɗan ne. Katin hoto kuwa kamar gayya yake a fadamar Gulbin Rima: ɗaruruwan ma'aikata, kowa da kunyarsa, duk suna noma lokaci guda. Miƙa wa gayyar nan aikin zane shi ne ake kira gaggauta hoto. Idan aka kashe shi, sai aikin ya koma kan babbar ƙwaƙwalwa ita kaɗai, kamar mutum ɗaya da fartanya a gonar gandu.

Har ila yau, yawancin kwamfutocin wasa katin hoto biyu gare su. Tamu tana da na Intel, wanda yake kamar jaki, cinsa kaɗan, shi ke aikin yau da kullum. Tana kuma da na NVIDIA, wanda yake kamar raƙumi, sai kaya sun yi nauyi ake tashe shi. Tun 2010 kamfanin NVIDIA ya fito da dabarar da ya kira Optimus, wadda ke sauya aiki tsakanin su biyun da kanta.

To, ga matakan da na bi, bayan na yi tambaya wurin malaminmu na kwamfuta, tun da tambaya rabin ilimi ce.

Na farko, na danna maɓallin Windows tare da harafin R, na rubuta dxdiag. Wannan ɗan ma'auni ne na DirectX, tsarin da kamfanin Microsoft ya fito da shi a 1995 domin wasanni. A shafinsa na biyu akwai sunan katin hoto, da layi uku masu nuna ko gaggauta hoto yana kunne. In lafiya lau ne, duka ukun a kunne za ka gan su. Ni ba haka na tarar ba, kuma maimakon Intel ko NVIDIA sai na ga an rubuta Microsoft Basic Display Adapter.

Wannan suna shi ya tona asirin ciwon. Kowace na'ura a cikin kwamfuta tana da 'yar manhajar da ake kira direba, amma aikinta na tafinta ne tsakanin Windows da na'urar. Sa'ad da abokina ya goge Windows, ya kori tafintocin nan duka. Sai Windows ta sa nata na wucin gadi, wanda ya iya nuna rubutu da hoto, amma bai san harshen da zai kira gayya da shi ba.

Na biyu, na sake danna maɓallan nan na rubuta devmgmt.msc, sai jerin na'urorin kwamfutar ya fito. A nan ana duba alama kusa da sunan katin. In an ga lamba 22, wani ne ya kashe shi, sai a kunna. In an ga lamba 43, Windows ce ta tsayar da shi don ya ba da matsala, ko daga direba ko daga jikin katin. Namu katin yana nan, tafinta kawai ya rasa.

Na uku, na duba lambar samfurin kwamfutar a ƙarƙashinta, na sauko da direbobi daga shafin kamfanin da ya ƙera ta. Da yake sabis ba shi da ƙarfi a wajenmu, sai da na raba dare ina jira. Na fara sa na Intel, sa'an nan na NVIDIA, domin a irin wannan kwamfuta ta hannun Intel hoto ke isa allo. Na kashe ta na kunna, na koma dxdiag, layukan nan uku duk sun kunnu.

Na huɗu, a cikin saitin allo na zaɓa wa wasan katin mai ƙarfi, na kuma jona caja, don a kan batir kwamfuta takan rage gudu. Daga ƙarshe muka kakkaɓe ƙurar hunturu da ta toshe fankarta. Ku lura da wannan ƙwarai, domin a bazara zafin ƙasarmu yakan wuce digiri 40, kuma kati in ya yi zafi yakan sassauta da kansa don kada ya ƙone. Kada a ɗora ta kan katifa ko bargo.

Ranar kwana na uku Yaya ya buga wasa ɗaya, ya yi murmushi ya ce, "Tunkiyarka ta tsira." Baba kuwa cewa ya yi in riƙa sa wannan naci a kan darasin lissafi.

Shawarata ga 'yan'uwana ita ce, kada ku taɓa kayan da aka ba ku amana sai da izini, kuma kafin ku goge Windows ku tanadi direbobi a filasha. Ga iyayenmu kuma, idan aka ce na'ura ta mutu, a bincika tukuna kafin a kwance dabba daga turke. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.

Daga ɗan'uwanku na aji biyar.