Daidaita Agogon Kwamfuta da Sahihin Lokaci

Sanin kowa ne cewa agogo biyu ba sa daɗewa bakinsu ɗaya. Ko da an saita su tare, kafin mako ya zagayo ɗaya zai riga ɗaya. Agogon da ke cikin kwamfuta bai tsira daga wannan ba. Yana ƙidaya lokaci ne da karkarwar wani ɗan ƙanƙanen dutse mai suna kwaz, wanda lantarki ke kaɗawa sau 32,768 a kowace daƙiƙa. Zafi da sanyi da tsufa sukan sauya wannan kaɗawa, har agogon ya yi gaba ko baya da daƙiƙa ɗaya ko biyu a yini. A wata guda kuskuren yana iya kusan minti ɗaya.

Mai agogon hannu ba zai damu da wannan ba, amma ga kwamfutocin da ke aiki tare lamarin babba ne. Idan agogon kwamfutocin banki ya saɓa, littafi yana iya nuna an cire kuɗi kafin a zuba su. Tsarin Kerberos, wanda ofisoshi da yawa ke tantance ma'aikatansu da shi, yakan ƙi mutum shiga idan agogonsa ya kauce da fiye da minti 5. Haka nan mai binciken almundahana ba zai iya jera abubuwan da suka faru bi da bi ba, matuƙar kowace na'ura da nata lokacin.

Maganin wannan shi ne kowace kwamfuta ta riƙa neman lokaci daga tushe guda. Tun 1967 aka yi ittifaƙi a auna daƙiƙa da kaɗawar ƙwayar zarra ta siziyam, watau sau 9,192,631,770. Daga agogunan zarra ne ake tsayar da lokacin duniya da ake kira UTC. Hanyar isar da shi ta intanet kuwa ita ce ƙa'idar NTP, wadda David Mills, malamin Jami'ar Delaware ta Amurka, ya ƙago, aka fara wallafa ta a 1985. An shirya ta hawa-hawa: kwamfutar da ke haɗe kai tsaye da agogon zarra ko tauraron GPS tana mataki na 1, mai karɓa daga gare ta tana mataki na 2, har zuwa mataki na 15. Wadda ake tambaya lokaci ita ake kira uwar garke.

To, tambayar lokaci ba wuya. Wuyar ita ce kafin amsa ta iso, lokacin ya riga ya wuce. A ɗauki misalin akawu da ya aiki masinja ya dubo babban agogon gidan waya. Masinja ya tashi da ƙarfe 10:00 a agogon akawu. Ya isa ya tarar babban agogo yana nuna 10:12, ya juyo da 10:13, ya komo ofis agogon akawu yana nuna 10:21. Cikin minti 21 ɗin nan, ɗaya na tsayuwa ne, 20 na tafiya, watau 10 zuwa, 10 dawowa. Ashe ke nan sa'ad da masinja ya isa, agogon akawu 10:10 yake nunawa alhali babban agogo yana 10:12. Agogon akawu yana baya da minti 2.

Wannan lissafi na lokuta huɗu shi ne ainihin abin da kwamfuta ke yi, sai dai tafiyar saƙonta ba ta cika kai daƙiƙa ɗaya ba. Rauninsa guda ne: ana ɗauka cewa zuwa da dawowa tsawonsu ɗaya. In hanyar dawowa ta fi cunkoso, rabin bambancin zai shiga lissafin a matsayin kuskure. Saboda haka kwamfuta takan maimaita tambaya, yawanci tsakanin kowace daƙiƙa 64 zuwa 1,024, ta fi gaskata amsoshin da suka iso da sauri. Har wa yau takan tambayi uwar garke fiye da ɗaya, ta yar da wadda maganarta ta saɓa wa sauran.

Bayan an gano kuskure, ba a cika janye agogo baya farat ɗaya ba, domin hakan zai sa lokaci guda ya auku sau biyu, rubuce-rubuce su rikice. In kuskuren ƙarami ne, sai a ɗan rage wa agogon gudu ko a ƙara masa har ya daidaita sannu a hankali.

Ya kamata a lura cewa uwar garke UTC kaɗai take bayarwa. Kwamfutar ce ke ƙara awa ɗaya domin Nijeriya da Nijar, a Gana kuwa ba a ƙara kome. Don haka wajibi ne mai kula da na'urorin ofis ya tabbatar da abu biyu: an kunna daidaita agogo, an kuma zaɓi yankin lokaci daidai. Wanda ya bar yankin a karkace ya gyara agogo da hannu, fuskar na'urarsa za ta nuna gaskiya, amma duk abin da ta rubuta zai kauce da awa guda ko fiye.