Kafin A Sayi Maka, A Dubi Takarda

A shekarar 2013 ne wata mai zane 'yar ƙasar Sikotilan, Johanna Basford, ta fitar da littafin shafa launi mai suna Secret Garden. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai, har abin da ake ɗauka wasan yara ne ya zama abin da manya ke hutar da ƙwaƙwalwa da shi bayan an tashi daga aiki. Sai dai sabon shiga yakan yi asarar kuɗinsa tun ranar farko, domin yakan sayi alƙaluman launi, watau maka, bai dubi takardar da zai shafa wa ba.

Maka iri biyu ce. Akwai mai tawadar ruwa, irin wadda kamfanin Crayola na Amurka ya soma sayarwa a 1978. Akwai kuma mai tawadar sipirit, irin Copic da aka fito da ita a Japan a 1987. Ta ruwa tana da araha, ba ta da wari, amma takan bar layi-layi a fili mai faɗi, in kuma aka yi ta maimaita wuri guda sai takarda ta jiƙe ta ƙuje. Ta sipirit kuwa kwanciya take yi sumul, launuka su narke cikin juna, sai dai tana da tsada, kuma takan ratsa takarda ta ɓullo ta baya.

Wannan ratsawa ita ce babbar matsala. Takardar da ake aiki da ita a ofisoshi nauyinta giram 80 ne a murabba'in mita, ba ta kuwa iya tare tawadar sipirit. In littafin an buga masa hoto gaba da baya, duk hoton da aka shafa ya ci na bayansa, an yi asarar rabin littafi ke nan. Saboda haka mai son maka ta sipirit sai ya nemi littafin da aka buga a fuska ɗaya, mai kaurin takarda, ya kuma sa kwali a ƙarƙashin shafin da yake aiki a kai. Wanda ya riga ya sayi littafi mai hoto gaba da baya, gara ya tsaya ga ta ruwa, ya fara gwada ta a shafin ƙarshe.

Game da yawa kuwa, launi goma sha biyu sun ishi mai koyo. Abin da ya fi muhimmanci shi ne bakin makar: siriri don ƙananan zane, mai faɗi don manyan filaye. Akan fara da launi mai haske sa'an nan a bi da mai duhu, domin mai duhu ba ya gyaruwa.

Magidancin da zai saya wa yara, ta ruwa mai wankuwa ita ce daidai. Ta sipirit sai babba, a ɗaki mai iska. A lura kuma da murfi, musamman da hunturu, lokacin da iska ke busar da tawada nan da nan. Maka mai baki biyu a kwance ake ajiye ta, don tawadar ta wadaci kowane baki.