Yadda A Ke Yin Akwatin Alewa Da Takarda

Ran 5 ga Oktoba ita ce Ranar Malamai ta Duniya, tun shekarar 1994 a ke kiyaye ta. Ɗalibi ba shi da kuɗin sayen turmin atamfa, kuma ni a ganina kyauta mai tsada daga hannun ɗalibi, ga jarrabawa na tafe, ta yi kama da toshi. Amma ɗan akwati na takarda da dabino a ciki, ba mai zarginsa.

Irin wanda zan kwatanta muku daga Japan ya fito. Can suna ce masa "masu", sunan wani mudun katako da su ke auna shinkafa da shi a da. Ba ya bukatar gam ko ɗinki.

Sami takarda mai ɗan kauri, tsohuwar kalanda ma ta isa. Yanka ta murabba'i, inci 12 kowane gefe. A nan fa sai a yi hankali, gama in gefe ɗaya ya ɗara ɗaya, akwatin zai karkace. Ninka ta biyu, ka buɗe, ka sake ninkawa ta ɗaya wajen, ka buɗe. Inda layukan su ka gittu, nan ne tsakiya. Kifa ta, gefen ado yana ƙasa, sa'an nan ka kawo kusurwoyin nan huɗu su haɗu a tsakiya. Kawo gefen sama da na ƙasa su ma su haɗu a tsakiya, ka murje da farce, ka buɗe su. Yi wa dama da hagu haka nan.

To, saura tada bango. Warware kusurwar sama da ta ƙasa ɗungum, ka bar biyun nan a kwance. Tada gefen dama da na hagu su tsaya. Sai ka ɗaga harshen sama, kana tura lungunansa biyu ciki da yatsa, ka lanƙwaso shi ta kan bango har tsininsa ya kwanta a gindin akwati. Wurin nan ne ya kan gagari yara, sai an yi masu sannu sannu. Yi wa harshen ƙasa haka, shi ke nan.

Faɗinsa zai zama wajen inci 4¼, zurfinsa kuwa rabin haka. Murfi ma haka a ke yinsa, sai dai takardarsa ta zama inci 12½, don ya hau ba tare da matsi ba. Wanda zai fita koyon koyarwa, ga darasin awo da kusurwa ya samu a ɓagas.

Dabino da alewa su ne daidai. Cincin da ƙuli-ƙuli suna da maiƙo, su kan ɓata takarda, sai an ƙulle su a leda tukuna. Kuma a nan Kudu damina ba ta ɗauke ba a farkon Oktoba, raɓa kuwa tana sa takarda ta yi laushi, saboda haka kada a yi shi sai ana jibi ranar. Rubuta sunanka da ajinku a cikin murfin.