Ko Kun Sani? Kuna Iya Auna Nisan Tsawa Daga Ƙofar Ɗakinku

Walƙiya da ƙarar tsawa tare suke tashi, amma ba tare suke iso mu ba. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka da ya haska kun gan shi. Sauti kuwa tafiyar hawainiya yake yi in an gwama: mita 343 kacal a daƙiƙa, idan zafin iska ya kai digiri 20 a ma'aunin Selsiyas.

A nan lissafin da ake koya wa yara a aji yake da amfani: nisa daidai yake da gudu sau lokaci. Da walƙiya ta haska, ku fara ƙirga daƙiƙoƙi har ku ji rugugin. In kun ƙirga 6, to 343 sau 6 ya ba da mita 2,058, wato kilomita 2 da 'yan kai. Hanya mafi sauƙi ita ce a raba daƙiƙoƙin gida uku, abin da ya fito shi ne kilomitan. A rana mai zafi sauti yakan ƙara sauri kaɗan, kusan mita 0.6 a daƙiƙa kan kowane digiri, amma wannan bai ɓata lissafin ba.

Manomi da makiyayi su suka fi buƙatar wannan. In tazarar ba ta wuce daƙiƙa 30 ba, hadarin yana cikin kilomita 10, kuma aradu tana iya faɗowa daga wannan nisan. A bar fili da gindin bishiya, a shiga cikin gini.