Shaf Ɗin Mota: Gyara Ko Sauyi?

Shaf shi ne sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji daga giyabos zuwa tayoyin gaba. A bakinsa akwai gaɓa mai ƙwallayen ƙarfe, galibi guda 6, wadda aka lulluɓe da roba cike da giris. Idan robar ta yage, sai giris ya zube, yashi ya shiga ya cinye ƙwallayen.

In an farga da wuri, sauya roba ya wadatar. Amma da zarar an ji ƙas-ƙas wajen shan kwana, to gaɓar ta lalace, sai dai a sauya gaɓar ko shaf ɗin gaba ɗaya. Ya kamata kuma a sauya sil ɗin bakin giyabos a lokaci guda, domin tsohon sil kan zubar da man giya, har giyabos ya ƙone.