Maƙalewar Giyar Otomatik a Kan Harafin P

Sau da yawa direba kan tada mota mai giyar otomatik, inji ya kama lafiya lau, amma sandar giya ta ƙi gusawa daga harafin P, watau matsayin ajiye mota. Abin da kan fara faɗo masa a rai shi ne akwatin giya ya lalace. Galibi ba haka ba ne. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta nuna cewa abin da ke riƙe sandar wata 'yar sakata ce da maƙera suka sa da gangan.

Asalin yaɗuwar sakatar daga Amurka ne. A shekarar 1986 an yi ta ƙorafi cewa motar Audi 5000 kan zabura da kanta da zarar an sa giya. Binciken hukuma na 1989 ya nuna cewa yawanci direbobi ne ke taka totur a maimakon birki. Maganin da aka samo shi ne a kulle sandar giya har sai an taka birki, kuma daga watan Satumba na 2010 dokar ƙasar ta wajabta haka a kan sababbin motoci.

Ga yadda abin yake aiki. A saman abin taka birki akwai wani ɗan makunni. Idan aka taka, shi ne ke kunna fitilun birki na baya, shi ne kuma ke aika wuta ga maganaɗisun da ke janye sakatar. Saboda haka matakin farko na bincike ba ya bukatar sifana ko ɗaya: direba ya taka birki, wani ya tsaya a baya ya duba fitilu. In ba su kama ba, to laifin na makunnin ne, ko kuwa fis ya ƙone, kuma dukkansu kaya ne masu araha. In sun kama, sai a kasa kunne kusa da sandar. Rashin jin wata 'yar ƙara "ƙas" alama ce ta maganaɗisun ya mutu ko batir ya yi sanyi. Har ila yau, lemon kwalba da ya zube a gindin sandar kan daskare ya riƙe sakatar, abin da ba bako ba ne a motar mai 'ya'ya.

Yawancin motoci suna da wata 'yar kafa mai murfi a gefen sandar, domin irin wannan rana. Sai a ja birkin hannu, a taka na ƙafa, a ɓalle murfin, a danna makulli ko sukuddireba a ciki, sa'an nan a kai sandar kan N, inda inji zai iya tashi. Wannan dabara ce ta isa gareji kawai, domin motar da makunninta ya mutu tana tafiya ne ba fitilar birki, na bayanta kuwa ba shi da labari.

Akwai kuma maƙalewar da ba ruwanta da lantarki. A cikin akwatin giya akwai wani haƙorin ƙarfe da ke faɗawa tsakanin haƙoran wata gargare idan an sa P. In aka ajiye mota a gangara ba birkin hannu, nauyinta duka kan ɗora a kan wannan haƙori, ya cije. Nan ne masu gaggawa kan yi ɓarna, su finciki sandar da ƙarfi har wayarta ta tsinke. Abin da ya dace shi ne a sami mutane su ɗan tura motar sama, direba na ciki, nauyin ya sauka, sai sandar ta saki. A gaba kuwa, a riƙa jan birkin hannu tukuna, kafin a kai sandar kan P.